Shamuwa da gawo: yadda za ka karanta shekarar noma da su biyun

Idan kana so ka gane tafiyar shekara a gonarka ba tare da ka dogara ga rediyo kaɗai ba, sa ido a kan shamuwa da gawo. Ɗaya tsuntsuwa ce mai keta ƙasashe, ɗayan itace ne da ba ya gusawa daga inda ya tsiro, amma ruwa ne ke juya su duka, sai dai kowa da irin ruwan da yake bi. Shamuwa ruwan sama take bi, gawo kuwa da ruwan ƙarƙashin ƙasa yake rayuwa. Shi ya sa ba kasafai za ka same su cikin ado lokaci ɗaya ba. Sa'ad da shamuwa ta sauka gari gawo na kakkaɓe ganye, sa'ad da ta kwashi 'ya'yanta ta yi kudu shi kuma ya fara toho da fure. Kamar kishiyoyi ne masu rabon kwana, wannan na shiga waccan na fita.

Na koyar da darasin noma a makarantar sakandare a arewacin Jigawa, dab da iyakar Nijar, kuma wannan kwatancen na cikin ayyukan da nake ba ɗalibai, domin ba ya cin kuɗi. Littafin rubutu ake bukata, da biro, da rula, da gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, sai haƙurin shekara guda. Manomi zai iya, ɗan makaranta zai iya, mai gadin gona ma zai iya.

Ka tabbata su ɗin ne

Shamuwar da nake nufi ita ce wadda masana ke kira Ciconia abdimii, ƙarama a duk danginta, tsayinta wajen santimita 73, nauyinta kilo ɗaya da 'yan kai. Kai da wuya da fukafukai baƙaƙe ne masu ɗan sheƙi idan rana ta doke su, cikinta fari, haka ma ƙasan bayanta wajen gindin wutsiya, wanda sai ta tashi kake gani da kyau. Lokacin ƙwai fatar fuskarta kan yi shuɗi, da ɗan ja a gaban ido. Ƙafafun toka-toka ne, gwiwa da yatsu jajaye. Idan ka ga ƙafafun sun yi fari fat kada ka ce wata tsuntsuwa ce daban: kashinta ne take sakar wa ƙafafun don ta rage zafin jiki idan rana ta ƙwalle.

A sama ma tana da sauƙin ganewa. Tana tashi da wuya a miƙe da ƙafafu a miƙe, ta yi ta kewaya da 'yan uwanta suna hawa iska mai zafi ba tare da yawan kaɗa fiffike ba. Zalɓe naɗe wuyansa yake yi idan ya tashi. Balbela fara ce, ba ta rikita kowa. Wadda kan rikita ɗalibai ita ce babbar farar nan mai jan baki da jajayen ƙafafu da ke zuwa daga Turai, amma ita da rani take zuwa, lokacin da tamu ta daɗe da tafiya. Don haka wanda ya je fadamun Haɗeja da Nguru, ko wurin tsuntsaye na Dagona, a watan Janairu zai ga agwagin ruwa da baƙin tsuntsayen Turai har ya gaji da kallo, amma ba lokacin neman shamuwa ba ne.

Gawo, wato Faidherbia albida, da rani ba ya ɓuya: duk fili ya bushe, shi kaɗai ne kore. Da damina ne ake kuskurensa, a ɗauka mataccen itace ne. Matsa kusa ka duba ƙananan rassan. Farare ne, suna tafiya a karkace daga gaɓa zuwa gaɓa, kowace gaɓa da ƙaya biyu miƙaƙƙu. Ganyen ƙanana ne, korensu ya ja zuwa toka. Fure shi ne babban shaida. Na bagaruwa da na dushe ƙwallo ne rawaya, na farar ƙaya ƙwallo ne fari. Na gawo dogo ne siriri, ya kai tsawon yatsa ko ya fi, launinsa tsakanin fari da rawaya, ƙamshinsa na tashi da sassafe. Dakwara ma dogon fure take yi, amma ƙaramar itaciya ce kuma ƙayarta uku-uku ce a lanƙwashe. 'Ya'yan gawo idan sun nuna ruwan lemo ne, masu kauri, a murɗe.

Zaɓen wanda za ka bi

A nan ne mutane da yawa ke ɓata aikin tun kafin su fara. Kada ka ce za ka lura da gawon gari gaba ɗaya. Zaɓi manya uku ko huɗu, ka ba kowane suna a littafinka: na bakin rijiya, na gonar gado, na hanyar kasuwa. Su kasance tsofaffi, waɗanda ba a yi wa sara ba a 'yan shekarun nan. Gawon da makiyaya suka sassare wa rassa da bazara don dabbobi yakan rikice, ya yi sabon toho ya riƙe ganye har cikin damina, kuma ƙaramin gawo da saiwarsa ba ta yi nisa ba shi ma ba ya bin ƙa'ida sosai. Idan ka dogara da irin waɗannan, ƙarya za su yi maka. In da hali, ɗaya ya kasance a jigawa, ɗaya a kwari, domin bambancin da ke tsakaninsu shi kansa labari ne.

Ita kuwa shamuwa ba sai ka neme ta ba, tsofaffin unguwa sun san inda take sauka. Tana son zama cikin mutane, ta yi sheƙar ƙirare a kan kuka ko tsamiya ko rimi, wani lokaci a kan gawon kansa ko a kan jinkar ɗaki, kuma takan dawo wuri ɗaya shekara da shekaru idan ba a tsangwame ta ba. Tambayi mai unguwa ko wata tsohuwa wace bishiya ce ta shamuwa. Da rani ma za ka ga ragowar tsofaffin sheƙuna a kai. Ƙirga su ka rubuta, kafin masu su su iso.

Ka riƙa rubuta kwanan wata na boko. Watannin Musulunci suna matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara, saboda haka in ka rubuta cewa shamuwa ta zo a tsakiyar Shawwal, bayan shekara biyar lissafin ba zai yi maka amfanin komai ba.

Daga bazara zuwa shuka

Buɗe littafin a farkon Maris, ka ware rana ɗaya a mako, in so samu ranar da ba kasuwa. A kowane gawo ka tsaya wuri ɗaya, ka ɗaga kai ka kimanta ganyen: cike yake, ko rabi, ko saura kaɗan, ko ya tuɓe sarai. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Mai waya ya ɗauki hoto daga wannan wurin kowane mako.

A wajen shamuwa abu uku ne za ka raba, kuma raba su shi ne rabin aikin. Akwai ranar da ka fara ganinta a sama tana wucewa. Akwai ranar da ta sauka ta kwana a bishiyar. Sannan akwai ranar da ka gan ta da ƙirare a baki tana gyaran sheƙa. A ɓangarenmu wannan kan faɗo tsakanin Afrilu da Mayu, kuma tsakanin ta farko da ta uku ana iya samun makonni. Yara da sun hango guda biyu a sama sai su ruga gida da ihun damina ta zo. Waɗannan masu wucewa ne, wataƙila ma ba a garinku za su tsaya ba.

Dalilin da ya sa zuwanta ke da ma'ana shi ne cikinta. Abincinta fara ne da ɗango da tsutsa da gina, da ɗan kwaɗo ko ƙadangare idan ta samu, kuma waɗannan ba sa yawaita sai ƙasa ta jiƙa ciyawa ta tsiro. Daga Nuwamba zuwa Maris tana can gabashi da kudancin Afirka, ƙasashe irin su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, inda a lokacin ake damina. Da ruwan can ya ja baya sai ta biyo shi arewa, tana tafe a gaban hadari. Ganinta a kan tsamiyar unguwa na nufin iskar damina ta matso, ba ya nufin ruwan shuka ya sauka a gonarka.

Wani dattijo maƙwabcin makarantarmu, manomin gero na gaske, ya taɓa tarar da ni da ɗalibai a gindin kuka muna ƙirga sheƙa. Ya ce, "Malam, me kuke rubutawa haka?" Na ce, "Baba, ranar zuwan shamuwa muke rubutawa, mu ga ko za ta faɗa mana ranar shuka." Ya yi dariya ya ce, "Shamuwa ce maka take yi ka fiddo iri ka gyara sungumi. Ranar shuka kuwa ƙasa ake tambaya." Maganarsa ita ce ƙa'idar da nake bi: zuwan shamuwa na shiri ne. A gama sharar gona, a kai taki, a duba iri, a ɗinke rufin rumbu.

Tambayar ƙasa kuma ga yadda ake yi. Kafa gwangwaninka a fili, nesa da bishiya da indararo, a kan turmi ko bulo don kada kaji su kifar. Bayan kowane ruwa ka tsoma rula ka karanta, ka zubar. Santimita 2 a gwangwani milimita 20 ke nan. Ma'aunin da masana noma na yankin Sahel suka saba amfani da shi shi ne a samu milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma kada fari na fiye da mako ya biyo baya a cikin watan da ke tafe. Sashen farko kana iya aunawa, na biyu sai dai ka haɗa da hasashen da NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ke fitarwa a farkon kowace shekara, da kuma abin da idonka ya gani. Bayan gwangwani, tona ƙasa da hannu. In danshi bai kai taƙi ɗaya ba, ni ba na ba da shawarar a fitar da iri mai tsada. Masu binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, sun san cacar da suke yi, kuma da gero ake yin ta, ba da irin da aka sayo da kuɗin bashi ba.

A daidai wannan lokacin ka koma kan gawo. Za ka ga ganyen na zuba, ƙasan bishiyar ya rufe da ɗan siririn ganye mai launin ƙasa, wanda ruwan farko zai jiƙa ya ruɓe a wurin. Rubuta makon da ya koma rabi da makon da ya tuɓe. Jera ranakun nan huɗu a shafi ɗaya: saukar shamuwa, fara sheƙa, tuɓewar gawo, ruwan shuka. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce abin da kake nema, kuma ta garinku ce kaɗai, ta Zariya daban, ta Damagaram daban.

Cikin damina aikin ba yawa. Shamuwa kan yi ƙwai biyu ko uku, ta kwanta wajen wata guda, 'ya'yan su yi kusan wata biyu kafin su tashi. Daga ƙasa za ka ƙirga kawunan da ke leƙowa, kada ka hau, kada ka bar yara su hau, kuma a hana su harbinta da danƙo. Dama can iyayenmu ba sa taɓa ta, suna ɗaukar saukarta a gida alheri ne, kuma ko ba don wannan ba, tsuntsuwar da ke wuni tana tsince fara a gona ta ci a ƙyale ta. Ka lura da inda take kiwo: bayan masu noman firi, ko a makiyaya, ko bakin tafki. Idan ka ga sun taru da yawa a gefe ɗaya na gonaki kwana da kwanaki, je ka duba, sau da yawa ɗango ne ko tsutsa ta ɓarke a wurin.

Gawo kuwa a marka tsirara yake, wasu har tsiya suke masa su ce butulu ne, ana ruwa yana fushi. Amma je ka tsaya a ƙarƙashinsa a watan Agusta ka dubi geron da ke wurin, sannan ka yi taku talatin zuwa fili ka dubi na can. Na gindin gawo ya fi duhun kore, karansa ya fi kauri. Dalilan a bayyane suke. Ba ganye, saboda haka ba inuwar da za ta danne shuka. Ganyen da ya zubar ya zama taki a daidai lokacin da ake bukata. Saiwarsa na tara sinadarin naitirojin, wanda shi ne ake saye a buhun yuriya. Dabbobin da suka wuni a inuwarsa duk rani sun bar kashi da fitsari a wurin. Kuma babbar saiwarsa ta nutse can ƙasa, ba ta cika rabon danshin sama da gero ba. In kana son shaida a rubuce, auna taku biyar-biyar a gindinsa da taku biyar-biyar a fili, ka yanke zangarniyar kowane daban da kaka, ka sussuka ka auna da kwano.

Ba yau aka san wannan ba. A Damagaram har yanzu ana tuna dokar sarakunan ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimu, da ta sa hukunci mai tsanani a kan mai sare gawo. Daga shekarun 1980 kuma manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin kututture da 'yan tsiro su girma a gona maimakon a sassabe su, abin da suke kira sassaben zamani, wanda wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗawa daga 1983. An ƙiyasta itatuwan da aka raya ta wannan hanya a Nijar sun kai wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Wanda ya bi hanyar Magarya ko Matamaye ko Mirya ya ga gonakin da gawo ya cika. Da ka tsallako wasu gonakinmu na wannan gefen sai ka ga fili fetal, kuma ni a ganina gatarinmu ne ya jawo, ba ƙasar ba.

Kaka, lokacin musayar

Daga tsakiyar Satumba ka dawo da zagayen mako-mako da gaske, domin nan ne abin ya fi daɗin kallo. Shamuwa za ta bar sheƙa, manya da 'ya'ya su riƙa taruwa a fili garke-garke. 'Ya'yan ba su da sheƙin iyayen, baƙinsu ya ja zuwa ƙasa-ƙasa. Wata safiya za ka ga sun hau sama suna kewayawa, washegari bishiyar ba kowa. Ranar tafiya ta fi ranar zuwa wuyar kamawa, saboda haka kullum ka gan su ka sa alama, alamar ƙarshe ita ce ranar.

A makonnin nan ne gawo ke farkawa. Duba ƙarshen rassa za ka ga ɗan toho kore shar, kafin wani lokaci bishiyar ta rufe, sai fure ya biyo, galibi daga Oktoba zuwa Disamba. Tun kafin ka gan shi za ka ji shi: ƙamshi, da gunjin ƙudan zuma a sama da kai da hantsi. Mai amya ya ɗaura ta kafin wannan lokacin, domin furen gawo na zuwa ne sa'ad da furannin damina suka ƙare. Rubuta makon toho, makon fure na farko, da makon da furen ya fi yawa, kowace bishiya daban. Sau da yawa na kwari da na jigawa ba sa tashi tare.

Ga wani ƙarin da nake so ƙwarai. Tunda gawo da ruwan ƙasa yake aiki, haɗa shi da rijiya. Sau ɗaya a wata, da asuba kafin mata su fara ɗiba, saki guga har ya taɓa ruwa, ka ƙirga gaba nawa igiyar ta ci, ka rubuta kusa da bayanin ganyen. Bayan shekara biyu ko uku sai ka duba da kanka ko shekarar da rijiya ta yi ƙasa ita ce gawon jigawa ya yi jinkirin toho ko ya yi ƙarancin 'ya'ya.

'Ya'yan kan nuna wajen wata uku bayan fure, su yi ta zuba daga Janairu har cikin bazara, daidai lokacin da harawa ta yi tsada. Awaki da tumaki har tsere suke yi zuwa gindin bishiyar da sun ji iska ta kaɗa. A tsince a adana a buhu, kada a kakkaɓe ɗanye da sanda, kuma in za a yi wa dabbobi saran ganye a rage wani sashe kawai, a bar bishiyoyin da kake bi ba sara. Ƙwayar tana da taurin ɓawo, shi ya sa wadda ta bi ta cikin akuya ta fi saurin tsirowa. Saboda haka 'yan gawon da za ka gani sun fito a inda aka zuba takin dabbobi, kafa musu tsinke ka gaya wa masu noma da masu huɗa su kauce musu. In tsiro ya yi rassa da yawa daga tushe, bar ɗaya ko biyu masu ƙarfi ka datse sauran da wuƙa mai kaifi.

Shekarar farko littafin ba zai faɗa maka abu mai yawa ba, ranaku ne kawai a jere. A ta biyu ne za ka fara cewa bara tsakanin fara sheƙa da ruwan shuka kwana kaza ne, bana kuma kaza. Don ka ƙara masa ƙarfi, nemi wani ɗan uwa ko aboki da ke kudu da kai, a Zariya ko Bauci, da wani a arewa, a Magarya ko Tasawa, su ma su riƙa rubuta ranar da shamuwa ta sauka musu da ranar ruwansu na farko. Na kudu ya kira ka ranar da ya gan ta, kai kuma ka kira na arewa ranar da ta iso maka.